Yadda Aka Sake Kashe Ni a Waya

Ni na riga kowa ganin mutuwata. Ban ji a bakin wani ba, ba a kuma karanta mini ba. Da idona na gan ta, tawada ba ta ma gama bushewa ba, a ƙofar bayan maɗaba'a inda muke karɓar jarida da sassafe. Hotona ne a shafin farko, hula a karkace, a sama an rubuta da manyan baƙaƙe cewa ruwa ya tafi da mai sayar da jaridar bakin gada. A lokacin ko edita bai ga bugaggen ba, yana gida yana munshari.

Ruwan ya tafi da ni, wannan gaskiya ne. Ambaliya ta share gefen gadar da ni da kekena, aka tsinci keken, ba a tsince ni ba. Na rungumi wani kututture muka yi ta tafiya tare har masu haƙar yashi suka fizgo ni can ƙasa da gari, na yi 'yan kwanaki a bukkarsu zazzaɓi yana wasa da ni. Da ƙafata ta ɗauke ni na tako na dawo, na iso maɗaba'a daidai lokacin rabo. Na karɓi ɗaurina kamar kullum na tsaya a gurbina ina ɗaga jaridar kusa da fuskata. Wata mata ta yar da kwanon da ke kanta. Wani ɗan sanda ya saya, ya dubi hoton, ya dube ni, ya dawo ya ƙara saye. Tun daga ranar sunana ya ɓata, kowa Marigayi yake ce mini, har jikokina. Ban taɓa zama a bencin makaranta ba, a kan kanun labarai na koyi karatu, daga manyan baƙaƙe na sauko ƙanana kamar mai saukowa daga tsani, kuma wannan rubutun da hannuna nake yin sa.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne a makon da ya wuce an sake kashe ni, wannan karon a cikin waya. An kwana ana ruwa, da safe ina zaune a baranda ina tsoma burodi a shayi, sai wayar tsohuwa, matata, ta yi ƙara. Ƙanwarta ce. Daga inda nake ina jin kukanta yana fitowa ta ɗan ramin wayar, tana cewa Yaya sai haƙuri, me ya kai tsoho bakin gada cikin wannan ruwa. Tsohuwa ta dube ni, ta dubi hannuna, ta ce mata ga shi nan yana gamawa da burodin gidan.

Ashe aikin surukina ne, mijin autarmu. Yana aiki a babban ɗakin karatu, inda suke ɗaukar hoton tsofaffin kundayen jaridarmu, wadda ta daɗe da rufewa, domin a zuba su a intanet kowa ya karanta. Cikin gwaji ya ci karo da shafina, ya tura wa matarsa don ta yi dariya, ita ta tura wa 'yan uwanta, daga nan abin ya tsinke igiya. Kuma ba tsohon shafin aka nuna ba. Labarin kaɗai aka yanko, aka sake rubuta shi da sababbin baƙaƙe tsaf-tsaf, ga hotona, a ƙasa ga kwanan watan jiya, wato ranar da suka saka shi. Hoton ƙuruciya bai sa kowa ya tsaya tunani ba, ai haka ake yi wa wanda ya rasu, a nemo hotonsa mafi kyau.

Na yi dariya har shayi ya sarƙe ni. Kira ya yi ta shigowa, na karɓi wasu da kaina, ina kauraro murya ina cewa daga can nake magana, hanya ba kyau. Sai da na juya na ga ni kaɗai nake dariyar. Tsohuwa ta zauna a bakin ƙofar ɗaki, hannuwanta a cinya.

"Kai labari ka samu," ta ce. "Ni kuwa wancan karon na zauna da cikin fari, mata sun cika tsakar gida, an naɗe shimfiɗarka. Ka fito daga ruwa ba ka zo gida ba, ka tsaya sayar da jarida har rana ta take. A bakin maƙwabcin da ya saya a hannunka na ji kana da rai. Ba zan sake wannan zaman ba. Je ka ce su cire shi."

To, maganar tsayawa sayar da jarida, duk wanda ya san sana'ar ya san ba a barin gurbi a irin wannan rana, kuma har gobe ban ga mai hankalin da zai bar ɗaurin da hotonsa ke kai ba. Amma kalmar cirewa ta soke ni. Masu mulki sun yi ta kokawa su hau shafin farko, ni na hau ba tare da na roƙi kowa ba, yanzu kuma a ce da bakina zan je in ce a goge. Sai dai tun da na auro matar nan ba ta taɓa aikena ba sai ranar. Na ga abu biyu ne a gabana: ko in rasa shafina, ko in dawo in tarar da wannan fuskar a bakin ƙofa har ƙarshen zamanmu. Na sa babbar rigata mai guga na nufi tasha.

A cikin bas wata mata da ke gefena tana nuna wa ƙawarta ni a waya, suna girgiza kai suna Allah ya jiƙansa. Na ce amin da ƙarfi. Na gaya musu na san mamacin farin sani, mutumin kirki ne, ga kyau, ga ƙarfi, garin nan bai yi kamarsa ba. Suka yi mini gaisuwa, ɗaya har ta biya mini mota.

Ɗakin aikin yana can bayan ginin, sanyin na'ura kamar cikin firiji. A kusurwa wata mata mai safar hannu tana buɗe wani ƙaton kundi a ƙarƙashin fitilu biyu, ta buɗe shafi, na'ura ta yi ƙyas, ta buɗe na gaba. Wanda ya fara ganina shi ne Mai Makulli, tsohon mai kula da siton maɗaba'a. Da jarida ta rufe aka kwaso kundayen zuwa nan, shi ma ya biyo su kamar gyara da ake ɗora wa mai saye. Ya leƙo ta saman tabarau ya tambaye ni ko masu yashin ne suka sake fizgo ni. Na ce masa ni ruwa ya ɗanɗana ni ya tofar, shi kuwa ƙurar takarda ta kusa gama cinye shi ba wanda ya lura.

Taro na tarar. Shugabar aikin, wata yarinya siririya mai magana a hankali, tana tsaye gaban wani babban allo mai haske. Surukina da ya hango ni saura kaɗan ya shige ƙarƙashin tebur. Ya taso ya durƙusa yana gaishe ni, gumi yana tsattsafo masa a cikin wannan sanyi, yana Baba ku yi haƙuri, Baba ku gafarce ni. Shugabar ta ja mini kujera da kanta. Ta ce na zo a kan gaɓa, domin a ranar suke yanke yadda za a yayyanka jaridar gaba ɗaya da yadda za a nuna ta, da yamma za a rufe tsarin, daga nan hannuwa da yawa za su kama aiki, ba sauran sauyi.

Ta nuna mini abin da suke yi, na kuma gane tun kafin ta kai rabi. Ita na'ura ba ta san kan labari daga gindinsa ba sai an gaya mata. Saboda haka kowane shafi sai an fede shi kamar yadda mahauci ke yi wa rago, kowane yanki a ɗaura masa alama. A kan allon an zagaye kanun labari da ja, jikin labarin da shuɗi, hoto da kore, sunan mutum da nasa launi, kwanan wata da nasa. Da waɗannan alamomin ne in wani ya rubuta suna a waya na'ura za ta san inda za ta ɗauko masa. Tallace-tallace kuwa an gicciya musu layi mai ruwan toka. Na tambaya, ta ce waɗannan za su fito a hoton shafi, amma ba za a sake rubuta su ba, ba kuma za a same su da nema ba. Wato su ne kayan cikin da ake turawa gefe.

Da na faɗi abin da ya kawo ni, surukina ya yi wuf ya ce yanzu zai goge, latsawa ɗaya ce. Shugabar ta ɗaga masa hannu. Ta ce abin da jarida ta buga ba sa cirewa, ba sa kuma sauya ko baƙi ɗaya, don in an cire wa Baba yau, gobe wanda aka kama kakansa da akuyar mutane zai zo da tasa buƙatar. Amma kwanan wata kuskurensu ne, kuma ta ba ni haƙuri irin na 'yar da ta samu tarbiyya, ba irin na ofis ba. A gabana ta sa aka cire ranar sakawa, aka ɗora ranar da aka buga jaridar a sama da manyan baƙaƙe. Daga nan gardama ta tashi tsakanin surukina da Mai Makulli. Surukina yana so a fara nuna sabon rubutu, wai waya ƙarama ce kuma hoton shafi yana da nauyin buɗewa. Mai Makulli ya ce wanda bai ga shafin da jajayen tabonsa ba bai ga jarida ba, ya ga fatalwarta. Aka tsaya a kan rubutu a gaba, ɗan hoton tsohon shafin a gefe, wanda ya taɓa shi ya buɗe masa, labarin da yake nema yana haske a ciki. Ni na goyi bayan hakan, shi ya sa aka yi.

Sai dai duk da wannan gyara, ni dai a mace nake. Tsohuwar mutuwa ce yanzu maimakon sabuwa, shi ke nan bambancin.

Shugabar ta tambaye ni ko jaridar ta buga gyara daga baya, domin suna da alama ta musamman ga gyara, in akwai za su haɗa. Na gaya mata yadda muka yi da edita. Na hau har ofishinsa a wancan makon, ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce jaridarsa ba za ta lashe amanta a kan mai talla da keke ba, kuma ai duk wanda ya gan ni a bakin gada ya ga gyara. Maganarsa ta yi aiki shekara da shekaru, ban hana shi ba, don kullum ina nan tsaye. Amma waya tana shiga inda ba zan iya zuwa in tsaya ba, kuma akwai ranar da za a zo bakin gadar ba a gan ni ba. Ni ma ban san zan faɗi haka ba.

Na ce amma kada su damu, abin da ɓangaren labarai ya ƙi, ɓangaren talla ya yi. Manajan talla, wani mai tumbi da ba ya barin dama ta wuce, ya sa aka ɗauke ni hoto a kan sabon keke da ɗaurin jarida a kai, aka buga da rubutu cewa ruwa ma bai hana shi kawo muku jaridarku ba. Na shaida musu rabin shafin farko ne, a makon da ya biyo baya.

Mai Makulli ya tura amalankensa ya ɗauko kundin. Aka duba makon, babu. Aka duba na gaba da na gabansa, babu. Ya fara waƙar cewa wataƙila a lahira aka buga tallar, bugu na musamman. Aka kawo wa ma'aikata abincin rana, aka ba ni nawa, na ci, na ce a ci gaba. Surukina ya sunkuyo kusa da kunnena ya ce Baba ko mu bar shi haka, shekaru suna da yawa, mutum yakan haɗa abubuwa. Na ce masa na ba shi 'yata, ban ba shi ƙwaƙwalwata ba.

Matar nan mai safar hannu ita ce ta cire safar ta zo ta zauna gaban kwamfuta. Ta ce tana tuna wani mai keke da ta gicciya wa layi kwanakin baya, don hular ta ba ta dariya. Ta yi ta wuce shafuka har ta tsaya. Bayan damina ta wuce ne aka buga, a shafin ciki, can ƙasa, tsakanin maganin tsutsar ciki da tallar tayar keke. Girmansa bai wuce kwalin ashana ba. Ga ni nan ina murmushi, layi mai ruwan toka ya bi ta kan hancina. Mai Makulli ya tambayi ina rabin shafin ya tafi. Na bayyana masa abin da ya kamata mai aikinsa ya sani, cewa takarda tana motsewa in ta tsufa.

Nan na miƙe na ce to sai a cire wannan layin daga kan kowace talla, a yi musu alama kamar sauran. Na ce mutuwata labari ce, raina kuma talla, to wace irin ajiya ce za ta riƙe na farko ta tura na biyu gefe. Shugabar ba ta musa ba. Ta ce ita ma tallar tana ba ta sha'awa fiye da jawaban manya, amma hannuwan da take da su ke nan, ta nuna ɗakin da haɓa.

"Baba," ta ce, "in muka ce sai mun yi wa kowace talla alama, ba za mu gama ba sai labarin nan ya zama gaskiya."

Surukina ya rufe ido. Mai safar hannu ta dubi ƙasa. Ni kuwa na yi dariya har na riƙe tebur, na ce wannan yarinya da a zamaninmu ta zo da ita ce edita.

Shugabar ta ɗauki alƙalamin allo ta tsaya tana juya shi. Can ta ce akwai hanya ta tsakiya. Za su ƙara alama guda a tsarin: duk inda wani abu na baya ya amsa wani na gaba, ko ya ƙaryata shi, talla ce ko sanarwa ko wasiƙar mai karatu, za a cire masa layin toka a rubuta shi, a ɗaure su biyun, duk wanda ya buɗe na farko zai tarar da na biyu a ƙarƙashinsa. Ta tambayi surukina ko zai yiwu kafin yamma, ya ce zai yiwu ko da haƙora ne. Na nemi a sa tallar a sama, mutuwar a ƙasa. Ta ce a'a, abin da ya riga faruwa shi ke gaba, ba za ta juya wa lokaci kai ba. Na bar mata wannan, don babba yakan bar wa yaro wani abu. Mai Makulli ya raɗa wa sabuwar alamar igiyar Marigayi, kuma na ji har yanzu haka suke kiranta a ɗakin.

Surukina ya mayar da ni gida a motarsa. Ni ina ta lissafa masa nasarorin ranar, shi yana tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai, don ya san gaban wa za shi. Mun tarar da tsohuwa inda na bar ta, tana tsince shinkafa a faranti. Ba ta amsa sannuna ba, ta ce an cire? Na ce an yi abin da ya fi cirewa.

Surukina ya durƙusa nesa kaɗan ya miƙa mata wayarsa da hannu biyu. Ta riƙe ta can nesa da ido. Ba ta karatun boko, amma wannan kanun ta san siffarsa kamar yadda ta san tabon da ke ƙafata. Ta duba, ta jira. Ya ce Mama ku ja da yatsa zuwa sama, yana ƙasa. Ta ja. Ta sake ja, labarin yana ta wucewa, yadda aka tsinci keken, yadda aka nemi gawa aka rasa, abin da abokan sana'a suka ce. Can ta iso kan mai keke da hularsa. Ta daɗe tana kallonsa. Na gyara zama ina jiran yabo.

Ta ce wa zai ja har nan? Ƙanwarta ko layi na biyu ba ta kai ba ta fasa kuka. Wanda aka ce masa nasa ya mutu ba ya tsayawa jan yatsa. Ta miƙa wa surukin wayar ta ce ya kira mata shugabar tasu.

Na so in ce wani abu game da tsari da dokar aiki, tun da yanzu na san su, amma na ga ba lokacinsa ba ne. Ya kira, ya buɗe murya yadda duka za mu ji. Suka gaisa, tsohuwa ta tambayi aiki da gajiya da mutanen gida, ba ta gaggauta ba. Sannan ta ce ta aiki mijinta a cire abu, ya dawo da abin an ƙara masa wutsiya. Shugabar ta maimaita mata abin da ta gaya mini, cikin ladabi, cewa ba su da ikon taɓa kalmomin jarida.

"Ban ce ki taɓa su ba, 'yata," in ji tsohuwa. "Ranar da maƙwabcinmu ya zo gaya mini, bai fara da labarin kogi ba. Daga bakin ƙofa ya faɗi abin da nake buƙatar ji, sauran ya biyo baya. Saman rubutun nan ba wuri?"

Muryar shugabar ta fito daga wayar. Ta ce akwai wuri. Za su iya sa siririn layi a saman kanun labari, da launi dabam, da alamar da ke nuna maganar masu aikin ce ba ta jarida ba, kuma za ta shigar da shi cikin tsarin kafin ta rufe, domin duk labarin da zai iya sa wani kuka a banza. Sharaɗinta biyu: ya zama gajere, ya zama gaskiya. Ta tambayi me za a rubuta.

Na matso kusa da wayar na fara: gwarzon da ya yi kokawa da kogi ya kayar da shi, wanda tun daga ranar babu wani ruwa da… Nan tsohuwa ta ɗaga mini tafin hannu ba tare da ta dube ni ba.

"Ki rubuta: bai mutu ba, ya dawo gida."

Shugabar ta maimaita a hankali kamar mai rubutawa, ta ce shi ke nan? Tsohuwa ta ce shi ke nan, Allah ya yi miki albarka.

Surukina ya ɗauko kwamfutarsa daga mota ya zauna a kan tabarma a baranda, ya yi ta ƙwanƙwasa suna magana da shugabar, na tsaya a kansa ina duba aikin kada ya yi kuskure. Kafin rana ta faɗi ya sake miƙa wa tsohuwa wayar. Ga layin a sama, ruwan ɗorawa, shi ido ke fara cin karo da shi kafin manyan baƙaƙen. Ta sa ya karanta mata, ya karanta. Ta sa ni ma na karanta, wai kada ya zama yaron yana jin kunyarta ne ya faɗi abin da take so. Na karanta mata baƙi bayan baƙi. Ta gyaɗa kai, ta ɗauki farantin shinkafarta ta miƙe, har ta kai ƙofar kicin ta juyo.

"Marigayi, cire rigar nan kafin ka ɓata ta da miya."

Duk garin nan sun kira ni da sunan, yara da manya, ita kaɗai ce ba ta taɓa ba, sai ranar. Surukina ya yi kamar yana neman wani abu a cikin jakarsa.

Yanzu a cikin kundayen nan akwai masu mulki, akwai attajirai, akwai 'yan ƙwallon da aka ɗauka a kafaɗa. Ku bincika ku gani ko akwai wanda ya riga ni samun layi a saman kanun labarinsa. Edita bai yi mini gyara ba, na jira shi ya tafi, jaridar ta bi shi, na samu abin da ya fi gyara, kuma da ni aka tsara yadda duniya za ta karanta abin da na yi rayuwata ina sayarwa. Wanda yake ganin ƙari na yi, ya buɗe wayarsa ya nema. In ya ce na'ura ma tana ƙarya, to ya tako ya zo gidan, zan ba shi kujera, ba zan ce komai ba. Ya dubi tsohuwa ido da ido ya ce mata ba haka aka yi ba, in ya isa.